Na'urar zafin mai tana nuna 87 a tafasasshen ruwa, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara ta uku ke nan ina harhaɗa ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya a bayan garejinmu nan Maradi, da injin Volkswagen mai sanyaya da iska. Mutane sun yi dariya har sun gaji. Yanzu auna zafin man injin ya tsayar da ni. Na sayi tamista 10k (ɗan abin auna zafi da om ɗinsa ke raguwa in zafi ya ƙaru), na haɗa da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino da rezistans 10k, na sa lambar B 3950, wato lambar da ake lissafa zafi da ita daga om. A ƙanƙara tana nuna 3, a tafasasshen ruwa 87. Da na tayar da injin kuma sai lambar ta riƙa tsalle. Ga watan Afrilu na tafe, hankalina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Tamistarka ba 3950 ba ce. Cire ta, ka auna da mita tana cikin ruwan da ke tafasa. Mai B 3950 tana ba da wajen om 700, mai 3435 kuwa wajen om 1,000. Kuskuren da ka faɗa na ta biyun ne. Kada ma ka sa ran 100: Maradi ta haura mita 300 daga matakin teku, ruwa a 99 yake tafasa.

Rabu da lambar B, ka auna a wuri uku: dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, tafasasshen ruwa, da man gyaɗa mai digiri 125 tare da amintaccen ma'aunin zafi. Ka riƙa motsa man, kada ta taɓa gindin tukunya, ka jira lamba ta tsaya cak. Sai ka fitar da A, B da C na Steinhart-Hart, lissafin da ke mayar da om zuwa digiri daga awo ukun nan. Rezistans 10k ɗin ma bai dace ba. Daga digiri 100 zuwa 120 mataki kusan 30 kawai Arduino zai gani cikin 1023. Sa 1k wanda kuskurensa bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, ka samu mataki sama da 100.

Mai gyaran lantarkin mota: Tsallen nan matsalar mas ce, wato hanyar komawar wuta. Waya ɗaya gare ta ko biyu? In ta jikin injin take komawa, wutar caji na bin hanya ɗaya da ita. Ja mata wayarta ta komawa har allo, ka murɗe biyun tare, nesa da wayoyin buji. In akwai farin tef a zaren da ake ɗaure ta da shi a jikin injin, cire: yana ƙara om, allo ya nuna ƙasa da ainihin zafin.

Mai tambaya: Tef ɗin don yoyon mai na sa shi, Yaya. Kuma 10k da 10k kowa ke haɗawa a intanet.

Injiniya: Masu auna zafin ɗaki ne. Yoyo kuma zoben tagulla (washa) ke tsayar da shi.

Wani ɗan zaure: Laifin 'yan kasuwa ne. A zube suke sayar da su cikin leda, ba takarda ba lamba, ka tambaya a ce duk ɗaya ne.

Tsohon bakanike: Yaro, rai za ka ɗora a kan wannan. Sayi agogon zafi na kamfanin VDO da abin aunawarsa, tare aka yi su. Kuma a Volkswagen kan silinda ke fara ƙonewa, shi tamokofil, wani ma'aunin zafi mai jure zafi sosai, ake sa masa ƙarƙashin buji. Ka je ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da maganar jirgin kuwa?

Injiniya: Baba, VDO ɗin ma sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a yarda da shi.

Mai tambaya: Na gode, Baba, amma kuɗin agogo sun tafi a farfela. Zan gwada man gyaɗar. Tef ɗin dai ina ganin ba shi ba ne.

Mai gyaran lantarkin mota: Har yanzu ba ka ce waya nawa ba.