Don Allah ku taimaka, kwamfutata ta daina nuna min Ubuntu

Salam 'yan uwa, masana Linux ina kuke. Ina da laptop HP mai Windows 11 da Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux) a kan hard disk ɗaya, da can in na kunna sai menu na GRUB ya fito in zaɓi wanda nake so, amma tunda na yi update kai tsaye take wucewa Windows ko tambayata ba ta yi. Sai dai in ta danna F9 da sauri kafin in samu Ubuntu, in hannuna ya makara shikenan sai na sake kashewa.

Na shiga BIOS (saitin farko na kwamfutar) da F10 na ɗaga ubuntu sama da Windows Boot Manager a jerin wanda zai fara tashi, na yi save, washegari ya koma yadda yake. Na kuma gyara GRUB_DEFAULT (saitin wanda menu ɗin GRUB zai fara zaɓa) a /etc/default/grub na buga sudo update-grub, shiru, ai dama menu ɗin ne baya fitowa gaba ɗaya.

Wani mai gyara a Terminus nan Jos ya ce sai dai a yi format, ni kuma project ɗina na makaranta duk yana ciki. Shin efibootmgr (command ɗin Linux na sauya wanda zai fara tashi) zai gyara wannan ko takwaransa bcdedit zan taɓa daga ɓangaren Windows? Kuma sai na kashe Secure Boot (saitin tsaro da ke cikin BIOS) tukuna?