Neman malamin fiyano a Jidda: shawarwarin iyaye

Da iyaye Hausawa mazauna Jidda suka tattauna batun, bakinsu ya zo ɗaya: kada a biya kuɗin wata sai an ga darasin gwaji. A zauna a lura da yadda malamin yake gyara zaman yaro, baya a miƙe, yatsu a lanƙwashe, ba tsawa. Wasu malamai da karatun alamomin kiɗa suke farawa, wasu da sauraro da kwaikwayo. Ga ɗan shekara 6, ni na fi karkata ga na biyun, muddin karatun zai biyo baya. Minti 30 ya ishe shi. Wata uwa ta ƙara da cewa a tsayar da lokaci tun farko, saboda sallar Magariba da watan azumi.