Darasin 'yan mazan jiya da tsofaffin kwabbai: ta ina za a faro?

Malamar Aji Biyu:

Assalamu alaikum. Tambayata ga malaman tarihi da masu tara tsofaffin kuɗi. Ana son darasi ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a gina shi a kan kuɗin ƙarfe irin waɗanda wasu ƙasashe ke bugawa don tunawa da sojojinsu. Yara 60 ne, zama uku, kowanne minti 40. Waɗanne kwabbai suka dace, kuma yaya za a yi yaro ya tashi da abin da ya wuce "yau mun ga tsohon kuɗi"?

Mai Anini:

Wa alaikumus salam, Malama. Kuɗin tunawa na ainihi guda biyu sun ishe ki, ko da hotonsu ne aka buga da girma. Na farko fam biyu na Birtaniya na 2005, wanda aka buga don cika shekara 60 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu: majami'ar St Paul ce a jiki, fitilun neman jiragen sama sun haska ta. Na biyu kwabo 25 na Kanada na 2004, mai jan fure a tsakiya, furen da suke maƙalawa a ƙirji ranar 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da sojojinsu.

Amma kada darasin ya tsaya a kansu, domin yaron Funtuwa ba shi da dangi a jikin majami'ar Landan. Abin da zai kama shi shi ne kuɗin da sojan Najeriya ya riƙe da hannunsa: anini, ɗari (rabin kwabo), kwabo, taro, sisi da sule na Afirka ta Yamma, masu sunan Sarki Joji na Shida da shekara tsakanin 1939 da 1945. Anini, ɗari da kwabo suna da huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, sule kuwa ruwan ɗorawa ne da bishiyar kwakwa a bayansa. Ana samunsu wajen masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, da wajen maƙeran farfaru, da cikin adakar tsofaffi. Ki nemi goma, ki duba shekarar kowanne kafin ki biya, don na 1952 zuwa sama ba na zamanin yaƙin ba ne.

Idan lambar yabo ta samu, ta fi duka. Tauraron Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) tagulla ne mai tsini shida, ƙyallensa shuɗi mai duhu da ja a tsakiya da zane biyu ruwan lemo. Tauraron Afirka ƙyallensa launin rairayi ne. Lambar Yaƙi ta 1939 zuwa 1945 zagayayya ce fara, faɗinta milimita 36, zaki a tsaye bisa dodo. Jabu suna yawo. Ki tafi da maganaɗisu: duk waɗannan ba sa kama shi, wanda ya kama baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwa. Ki duba gefe kuma, wanda aka zuba a mazubi yakan bar layin haɗi da ƙananan ramuka.

Malam Na Tarihi:

Mai Anini ya gama da kaya, saura tsari. Kuskuren da aka fi yi shi ne malami ya fara da bayani, sannan ya zagaya da kwabon kamar tsaraba. A juya shi. Kwabon ne zai fara magana.

Zama na farko, rukuni goma, yara shida shida, abu ɗaya a kowane tebur. A allo tambaya huɗu kawai: wace shekara ce a jiki, sunan wa ko hoton wa, da wane harshe aka yi rubutun, wa ya kamata a gani amma ba ya nan? Minti goma sha biyar su rubuta, kada ki taimaka. Ta huɗun ita ce darasin gaba ɗaya. Za su tarar da sunan sarkin Ingila a kwabo, hotonsa a sule da Lambar Yaƙi, soja kuwa ko inuwarsa babu. Lambobin Yaƙi na Biyu da Birtaniya ta raba galibi ko sunan mai su ba a buga ba, alhali na Yaƙi na Farko suna da suna da lambar soja a gefe. Daga wannan giɓin ne za ki shigo da mutanen.

Zama na biyu, taswira da lissafi. Zare ja daga Legas zuwa Mogadishu, wadda birgediyar Najeriya ta shiga a Fabrairun 1941 a yaƙin da aka yi da Italiya. Wani zaren zuwa Indiya da Bama, inda Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ita da ta 82 suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sai ki tambaye su sunayen barikoki: Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, Mogadishu a Abuja. Yawancin yara suna jin sunayen nan kullum, ba su san daga fagen daga aka kwaso su ba. Barikin Chari Maigumeri na Lokoja kuma sunan mutum ne, babban samanja da ya ga yaƙokin duniya duka biyu.

Lissafin kuwa, ƙaramin soja ɗan Afirka ta Yamma wajen sule ɗaya yake samu a rana. Kwabo 12 ne sule, anini 10 ne kwabo, sule 20 ne fam. To albashin kwana 30 fam nawa ne da sule nawa, kuma anini nawa ke nan? Amsa fam ɗaya da sule goma, anini 3,600. Yaron da ya yi wannan da sule a tafinsa ba ya mantawa.

Wani abu game da fam biyun nan na 2005, ki sa su lura. Turai ta yi bikin ƙarewar yaƙi ranar 8 ga Mayun 1945, amma na Bama bai ƙare ba sai a Agusta, kuma da yawa cikin sojojinmu sai a 1946 suka ga gida.

Malama Mai Zane:

Zama na uku nawa ne, in an yarda. Amma kwafin kwabo a yi shi tun zaman farko, don kowane yaro ya tafi gida da shaida. Siririyar takarda, fensir 2B a kwance, ba da tsini ba. Ɗaya ya danne takardar da yatsu biyu, ɗaya ya goga ta fuska ɗaya. Idan hoton ya fito biyu biyu, kwabon ne ya motsa, a liƙa shi a tebur da ɗan gam mai danƙo ta ƙasa. Fensir HB yana yaga takarda kafin rubutun ya fito.

Sai su ƙera nasu kuɗin tunawa, wanda sojan ne a jiki. Yumɓu mai laushi, a murza kaurin santimita ɗaya, a yanke da murfin gwangwani mai faɗin santimita shida zuwa bakwai. Yumɓu kilo biyar ya wadaci yara 60. Zane da tsinken tsintsiya. Doka uku: shekara ɗaya, hoto ɗaya, kalmomi kada su wuce biyar. In ba a sa iyaka ba, sai su cika shi da bindigogi da jirage. A shanya a inuwa kwana biyu, a juya sau ɗaya. Da iskar hunturun Janairu, wanda aka sa a rana kafin la'asar ya tsage, saboda bayansa ya bushe cikinsa da danshi.

Don su samu abin koyi, ki nuna musu tambarin rundunonin nan biyu. Na 81 baƙin gizo ne a kan rawaya, Anansi na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan namu Gizon. Na 82 mashi biyu ne a gicciye bisa gammo, saboda dubban 'yan dakon da suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Gammo a kan tambarin soja, wannan kaɗai ya isa muhawarar minti goma.

Ɗan Bariki:

Allah ya ƙara basira. Gyara biyu. Lambar yabo ba kuɗi ba ce, amanar gida ce. Idan iyali suka ba da aro, a rubuta abin da aka karɓa, mai shi ya sa hannu, a ɗora ta a faranti da ƙyalle, kuma kada yaro ya maƙala ta a rigarsa don hoto, masu ita ba sa jin daɗin haka. A ƙirga kaya kafin a raba, a ƙirga kafin a buɗe ƙofa. Anini ƙarami ne, aljihu kuma ba ya magana.

Na biyu, 15 ga Janairu ranar da yaƙin basasa ya ƙare ce a 1970, shi ya sa Najeriya ta bar 11 ga Nuwamba. Yara za su yi tambaya, a shirya amsa gajera marar ɗora wa wata ƙabila laifi. A cikin yara 60 kuma da wuya a rasa wanda mahaifinsa ke bakin daga yanzu, ko wanda bai dawo ba. A bincika a asirce tun kafin darasi, kada a ce "ɗan soja ya ɗaga hannu". In za a gayyaci tsohon soja, a bi ta ofishin ƙungiyarsu ta Nigerian Legion na jiha, a tace tambayoyin yara tukuna. "Mutum nawa ka kashe, Baba?" ita ce ta farko da za ta fito in ba a tace ba.

Malamar Aji Biyu:

Na gode ƙwarai. Mai Anini, wasu sulallan da aka kawo sun yi kore kore. A goge su da toka da lemon tsami?

Mai Anini:

A'a, Malama, kada a yi. Toka tana kankare rubutu, tsami yana cin tagulla, bayan sati guda ya fi da muni. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, tsohon buroshin haƙori mai laushi, a ɗauraye, a tsane sosai da auduga. Wanda korensa ke zuba kamar gari a ware shi daga sauran, ciwon tagulla ne, danshi ke ciyar da shi. A ajiye kowanne a ambulan ta takarda, ban da leda mai laushi, don ita ma tana jawo koren. Ƙyallen lambar yabo kuwa ko ruwa kada ya taɓa shi, launin zai zuba.