Hular kwano: wace ce ta cancanci kuɗinta?

Ɗalibi, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a kan moto. Yanzu da Haojue nake zuwa jami'a, kuma mahaifiyata ta ce ba ta yarda in ƙara hawa ba sai da hular kwano. Na zaga Kasuwar Dole ta nan Damagaram, an nuna mini ta jika 3 (wato sefa dubu 3), an nuna mini ta jika 8, wani kuma ya ciro wadda ya ce ba ya sallamawa ƙasa da jika 20. A ido duk sheƙinsu ɗaya. Don Allah wanda ya saya ya yi amfani da ita ya faɗa mini abin da ya gani.

Ɗan kabu-kabu, Zango

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa Hajiya da alheri, gaskiya ta faɗa maka.

Ka manta da fenti. Juya hular ka ɗaga shafin da ke ciki, ka sa yatsa. Hular kirki tana da wani farin abu mai tauri tsakanin roba ta waje da yadin ciki, irin wanda ake samu a kwalin sabuwar talabijin, sai dai ya fi shi ƙarfi, kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi ko fiye. Wannan shi ne hular. Idan kai ya bugi ƙasa shi ne yake murƙushewa ya shanye dukan kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ta jika 3 ɗin nan da aka nuna maka, na rantse idan ka duba soson katifa ne kawai aka manna a ciki, wani lokacin ma yadi ne zalla. Wani abokin aikinmu a tasha tasa ta zame daga kan tanki ta faɗi a kwalta, moto a tsaye yake, amma ta tsage tun daga goshi har tsakiya. To ina ga ana gudu?

Sannan ka riƙe ta da hannu biyu ka matsa gefe da gefe. In ka ga bakinta yana neman haɗewa, ajiye musu kayansu. Kuma ka ji nauyinta. Mai rufe fuska duka ta kirki tana kai wajen kilo ɗaya da rabi. Wadda ka ɗaga ka ji ba komai a hannunka, ba komai a cikinta.

Mai gyaran moto, hanyar Mirya

Duk abin da ya faɗa haka yake, amma ni abin da ya fi damuna shi ne girma. Mutane suna zuwa garejina da hula mai tsada tana lilo a kansu. Hular da ta yi maka yawa, ko ta jika 50 ce, za ta juya ta rufe maka ido, ko ta fita ta bar ka tun kafin ka kai ƙasa.

Kafin ka koma kasuwa ka biya wajen tela ya auna maka kai da abin awonsa. A zagaya ta saman gira kaɗan, ta saman kunnuwa, zuwa inda ƙeya ta fi tudu. Yawancin kamfanoni haka suke rabawa: santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Amma kada ka tsaya a kan harafin, don M ɗin wani kamfani ba M ɗin wani ba ne, kuma kawunan mutane ba iri ɗaya ba: wani nasa zagayayye, wani mai tsawo daga goshi zuwa ƙeya. Dole sai ka saka.

In ka saka, ya kamata ta ɗan yi wuyar shiga, ta kama kumatu, ta zauna daidai saman gira. Ɗaure maɗaurin haɓa yadda yatsa biyu kawai za su iya shiga. Girgiza kai hagu da dama. Idan fatar goshinka tana tafiya tare da hular, ta zauna. Idan hular ce ke yawo ita kaɗai, nemi ƙarama. Daga nan ka ce wa mai shagon ya kama ta ta ƙeya ya yi ƙoƙarin turo ta gaba ya cire. In ta fita, ba taka ba ce.

Kuma kada ka yi gaggawa. Zauna da ita a kai minti goma ko sha biyar kuna hira. Matsi ko'ina daidai ba laifi ba ne, shafin yana sakewa bayan an yi ta sakawa. Abin gudu shi ne wuri guda da ke cizo, kamar tsakiyar goshi ko saman kunne. Wannan ba ya sakewa, ciwon kai zai riƙa sa maka har ka gaji ka rataye ta a ɗaki. Mai shagon da ya ƙi bari ka gwada, wuce gaba.

Ma'aikaciyar jinya

Ni ba na tuƙa moto, amma ni ake kawo wa waɗanda suka faɗi. Abu biyu nake so ka riƙe, ɗana.

Na farko maɗauri. Sau da yawa ƴan uwa sukan shigo da majinyaci kai a fashe, su ce ai da hularsa. Sai ka tambaya, ashe ɗora ta ya yi bai ɗaure ba, ta yi nata wuri shi ya yi nasa. Akwai masu tura ta baya kan ƙeya don su sha iska, goshi a buɗe. Wannan da babu duk ɗaya.

Na biyu haɓa. Mutum in ya tashi daga kan moto, sau da yawa da fuska yake sauka. Karyewar muƙamuƙi, zubewar haƙora, leɓe a yage, na gan su a kan samari da ke sanye da hular da ta tsaya iya kunne. Wanda aka ɗaure wa muƙamuƙi da waya makonni yake yi yana shan kunu da tsinke, ba ya tauna komai. Saboda haka in kuɗinka sun kai, ɗauki mai rufe haɓa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alƙaluman cewa hular da aka saka daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Kuma ko da hula, wanda ya bugu a kai ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ya manta abin da ya faru, a kawo shi asibiti a ranar. Kada a ce bari ya kwanta zuwa safe.

Mai shagon waya, Birni

Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Kuna magana kamar ba a Damagaram muke ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Na sayi mai rufe fuska, na yi ƙoƙari da ita, amma da azahar numfashi ma da ƙyar nake yi, gumi yana shiga ido. Ga jika 20 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga wanda ke neman na cefane. Ni tafiyata daga Birni zuwa shago ce, ba na hawa babbar hanya. Na koma wa buɗaɗɗiya mai gilashi, kuma ita kullum tana kaina. Ina ganin ta fi wadda za ta zauna a gida.

Ɗan kasuwa mai bin hanyar Matamaye

Alhaji, a kan cewa wadda ake sakawa ta fi wadda aka ajiye, ban musa maka ba. Amma zancen cikin gari ban yarda da shi ba. Faɗuwar da ta fi yi mini illa a cikin gari ce, a hankali nake tafiya, akuya ta fito daga lungu, taya ta shiga rairayi. Haɓar hular ce ta goge a kwalta har fenti ya fita, fuskata ba ƙwarzane.

Maganar zafi kuwa akwai dabara. Ka duba ramukan iska na goshi da na haɓa da na baya, ka tabbata ramuka ne na gaske da suka ratsa har ciki, don a masu arha ado ne kawai aka manna. Hura da baki ka ji. Ka ɗauki fara ko mai haske, ta fi baƙa sauƙi in ta sha rana a ajiye, kuma direbobin manyan motoci sun fi hango ka da magariba. Akwai kuma wadda haɓarta ke ɗagawa sama, in ka tsaya gaisawa ko shan ruwa ka ɗaga, in za ka tashi ka sauke ta kulle. Ta fi nauyi kaɗan, ta fi tsada, amma ita nake sakawa. Ka nemi mai shafin da ake ɓallewa a wanke, don tsakanin gumin bazara da ƙurar hunturu, wadda ba a wankewa wari take yi har ka tsane ta.

Gilashi fari za ka saya. Baƙin yana da kyau da rana, amma da dare a hanyar Takeita ba za ka ga amalanke ba sai ka zo kanta. Kuma ka tambaya ko ana samun gilashin canji, don ƙura tana karce shi. Kada a goge shi a bushe, a zuba ruwa tukuna.

Mai sayar da kayan moto

Tunda sana'ata ce bari in faɗi abin da na sani game da tambari, don nan ake cutar mutane.

Wadda ta ci gwajin Turai ba a bayanta ake manna shaida ba. Wani ɗan farin ƙyalle ne ake ɗinkewa a jikin maɗaurin haɓa, da da'ira mai harafin E da lamba a ciki. E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Wannan lamba ƙasar da ta ba da amincewa take nunawa, ba inda aka ƙera ba, don haka hular China ma tana iya ɗaukar E na gaskiya. A ƙasan da'irar akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06, kuma 06 ita ce sabuwar ƙa'ida, gwajinta ya fi tsanani. Za ka ga harafi a jikin lambar: P na nufin an gwada haɓar tana kariya, J na buɗaɗɗiya ce, NP kuwa haɓar tana nan amma ba ta kariya ba ce.

DOT na Amurka ne, kuma a tsarinsu kamfani ne da kansa yake shaida cewa hularsa ta cika sharaɗi. Sitika ce da kowa zai iya bugawa, na ga kwali guda na hulunan soso duk da DOT a baya. Na Indiya suna zuwa da alamar ISI, kuma a cikinsu ake samun masu sauƙin kuɗi da ke da farin abin nan na gaske. Ga ɗalibi, nan zan ce ya duba. Tsakanin ta jika 3 da ta jika 12 bambancin rai ne. Tsakanin ta jika 15 da ta jika 40 kuwa yawanci bambancin rashin nauyi ne da jin daɗi da ƙarancin ƙarar iska.

Ka ja maɗaurin da ƙarfi ka ga yadda aka kafa shi. Da ƙusar ƙarfe ya kamata a dasa shi a jikin roba. Mai zobe biyu na ƙarfe ba ya lalacewa, mai ƙarar ƙas-ƙas ya fi saurin ɗaurewa, duka biyun suna yi. Na roba irin na jakar makaranta ne ba na so.

Hular magina kuma, wadda wasu ke sakawa don ƴan sanda su ƙyale su, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Ba ta moto ba ce.

Ɗan kabu-kabu, Garin Malam

To gwanjo fa? Tawa ta gwanjo ce, ta Turai, da ƙyallen E ɗinta, jika 7 na saye ta. Ta fi sababbin da nake gani nesa ba kusa ba.

Mai gyaran moto, hanyar Mirya

Tana iya yin kyau, amma ba ka san tarihinta ba. Farin abin nan sau ɗaya yake aiki. In ya taɓa murƙushewa ba ya komawa, kuma daga waje ba a gani. Cire shafin ka duba da tocila: in akwai tsaga, ko wurin da ya loɓa, ko yana marmashewa, ta gama. Ka nemi shekarar ƙira, galibi tana kan wata takarda a ƙarƙashin shafi. Kamfanoni da yawa suna cewa a canza bayan shekara biyar ana amfani, mu kuma ga rana.

Ku da kuke sayen mai a kwalba a bakin hanya, ku daina kifa hula a kan bakin tanki. Fetur yana narkar da farin abin nan. Kada kuma a rataye ta a kan madubi, ƙarfen yana huda ta daga ciki a hankali.

Malamar makaranta, Tudun Jamus

Ba wanda ya taɓo namu. Mu mata da kitso da ɗankwali muke hawa. Ni da na tashi saye, da siririn hijabi na je, ba ɗaurin ɗankwali, kuma kitson kwance. Tun daga lokacin na daina yin kitso mai tudu a ƙeya ko a tsakiya, don yana ɗaga hular ta bar goshi a fili. Fil da allurar ɗankwali duk ina cire su. Kuma ina tattare lulluɓi in zauna a kai, saboda taya tana iya kama shi.

Abin da ke tayar mini da hankali yara ne. Da safe sai ka ga uba da hularsa, ga yara uku a gaba da baya kai ba komai. Na babba ba ta yi wa yaro, ta yi masa yawa kuma ta yi wa wuyansa nauyi. Malam mai kayan moto, ana samun na yara a nan garin?

Mai sayar da kayan moto

Ana samu, Malama, amma ba kullum ba, don masu nema kaɗan ne. Mukan sa a taho mana da su daga Kano in an yi oda. Ki auna kan kowane yaro daban ki kawo mini lambar, na yara yawanci daga santimita 47 zuwa 52 suke. Kada ki yarda a ba ki ta keke, kuma kada ki sayi babba wai don ya girma da ita. Ranar da kayan suka iso ki zo da yaran su gwada a shago, wadda ba ta zauna ba zan karɓa in mayar.