Soja, farar hula da 'yan gudun hijira: shawarwarin da suka fito

Batun umarnin da ake bai wa dakaru ne ya fi cin lokaci a tattaunawar da aka yi kan aikin soja wajen kare farar hula da 'yan gudun hijira. Yawancin masu magana sun ce kada a tura dakarun kiyaye zaman lafiya sai an fayyace musu ikon kare farar hula, ko da ta kai ga harbi. Sun tuna Ruwanda a 1994, lokacin da Kwamitin Sulhu ya rage dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa 270 ana tsakiyar kisan kiyashi, da garin Srebrenica na ƙasar Bosniya a Yulin 1995, inda aka kashe maza da samari kimanin 8,000 a garin da aka ayyana tudun mun tsira. Ni ma ina kan wannan ra'ayi, domin sojan da aka ɗaure wa hannu ɗan kallo ne kawai.

Kan 'yan gudun hijira kuwa, shawarar ita ce soja ya tsare hanya, ya ceto, ya kai ruwa da magani, amma ya bar tantancewa ga jami'an farar hula. Matar da ta iso shingen bincike da goyo, takardunta sun jiƙe, ba ta jin yaren mai bindigar, tafinta take buƙata da jami'a mace. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana mayar da ita inda ranta ke cikin haɗari.

An kuma ambaci kwalarar Haiti ta 2010, wadda ta ɓulla daga sansanin dakarun Majalisar. Saboda haka aka nemi a duba lafiyar dakaru kafin tafiya, ƙasarsu kuma ta gurfanar da duk wanda ya ci zarafin mace ko yaro, ta sanar da hukuncin a fili.