Neman shawara: wace manhaja zan sa wa 'yata a waya domin in san abin da take ciki?

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Unguwar Rogo, nan Jos, kuma na zo da damuwar da ta hana ni barci kwana biyu. Babbar 'yata shekarunta 14, tana aji ɗaya na babbar sakandare. Da ta gama jarrabawar aji uku mahaifinta ya saya mata wayar Android, saboda malamansu suna turo aikin gida ta WhatsApp. A makon jiya na tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare, cikin sanyin nan, domin in gyara wa ƙannenta rufa, sai na hangi haske yana fitowa ta ƙarƙashin bargonta. Da na ɗaga, na same ta tana kallon TikTok, idanunta sun yi jajir. Washegari na karɓi wayar na duba, na tarar da saƙonni a Instagram daga wani namiji da ba mu sani ba, yana yaba kyawunta yana roƙon ta turo masa hoto. Alhamdu lillahi ba ta tura ba, amma ta amsa masa gaisuwa har sau uku.

Na kai wayar wurin wani mai gyara a wajen Terminus, ya ce zai iya sa mata manhaja a ɓoye wadda za ta riƙa turo mini duk abin da ta rubuta, in biya shi ladan aiki, sannan in riƙa biyan kuɗin wata da dala. Hankalina bai kwanta ba, na dawo da wayar. Mahaifinta yana Legas wajen kasuwanci, shi a ganinsa a ƙwace wayar kawai. Don Allah masu sani, wace manhaja ce ta dace, kuma shin in sa a ɓoye ko da saninta?

Wani mai harkar kwamfuta, Rikkos: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Kin yi daidai da kika dawo da wayar. Irin manhajar da ya ambata yawanci ba daga Play Store ake sauke ta ba, sai an kashe matakan tsaron wayar kafin ta zauna, kuma duk abin da ta kwasa, hotunan yarinyar da hirarta da ƙawayenta da inda take, yana fara sauka ne a rumbun wani kamfani da ba ki san masu shi ba kafin ya iso gare ki. Shi kansa wanda ya sa manhajar yana iya riƙe kalmar sirrin. Kin ga ke nan wajen gudun baƙo ɗaya an buɗe wa baƙi da yawa ƙofar ɗakinta.

Tunda wayarta Android ce, ki fara da Family Link na Google, wanda kyauta ne kuma tun 2017 ake amfani da shi. Za ki sauke shi a taki wayar, ki haɗa shi da asusun Google ɗinta. Daga nan za ki iya ƙayyade awowin da za ta yi a rana, ki ware wa kowace manhaja nata lokacin, ki sa wayar ta kulle kanta da dare har zuwa safe, ko da yake kira zai ci gaba da shigowa. Za ki iya sa duk sabuwar manhajar da take son saukewa sai kin amince, kuma idan tana da data za ki ga inda wayar take. Abin da ba zai yi miki ba shi ne nuna miki abin da aka rubuta a cikin saƙo. WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙonni ta yadda mai turawa da mai karɓa kaɗai ke gani, don haka duk wanda ya ce zai nuna miki su, daga cikin wayar zai sato su. Sannan da yake ta haura shekara 13, sai ta shigar da kalmar sirrinta ta amince kafin a haɗa, wato ba abu ne da ake yi a bayan idonta ba. Akwai na kuɗi irin su Qustodio da Norton Family, amma ban ga dalilin biyan dala ba tun kafin a gwada na kyauta. Masu iPhone kuwa suna da Screen Time a cikin wayar.

Malamar sakandare, Bauchi Road: 'Yar'uwa, kafin komai ki duba ranar haihuwar da ta rubuta lokacin buɗe asusunta, domin a nan yawancin ɗalibaina suke zille wa tsaro. Tun Satumbar 2024 Instagram ya fito da asusun matasa, wanda yake rufe shafin yaro ga baƙi, yake taƙaita saƙo ga waɗanda yake bi ko suka riga suka haɗu, yake kuma kashe sanarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, kuma wanda bai kai 16 ba ba zai sassauta waɗannan ba sai da izinin iyaye. Idan kika haɗa asusunki da nata za ki ga sunayen waɗanda ta yi hira da su cikin kwana bakwai, ban da abin da suka faɗa. TikTok ma yana da Family Pairing, wato tsarin haɗa asusun iyaye da na yaro, ba ya buɗe wa ƙasa da shekara 16 saƙon kai tsaye, kuma yana tsayar da ƙasa da 18 bayan minti 60 a rana. Duk wannan ba ya aiki a kan yarinyar da ta rubuta cewa shekarunta 22. Tunda baƙo ya iya kaiwa gare ta, ko dai ta ƙara wa kanta shekaru, ko kuma ita ma tana bin shafinsa.

Game da ɓoyewa, abin da na gani da idona shi ne, ranar da yarinya ta gano ana leƙenta a asirce, ranar take fara aron wayar ƙawa a lokacin tara, ta buɗe sabon asusu da wani suna, kuma wannan babu manhajar da za ta nuna miki shi.

Wani uba, Gangare: Ni ina bayan maigidanki, Hajiya. Nawa 'ya'yan ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa har su gama sakandare, aikin makaranta kuwa a wayar mahaifiyarsu yake shigowa. Ai ko Ostireliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe asusu a manyan kafafen sada zumunta.

Wata kaka, Nasarawa: 'Yata, kowa ya yi maganar waya, ni maganar mutumin nan ce ta tsaya mini a rai. Kada ki goge saƙonninsa. Ki sa a ɗauki hotonsu da sunan shafinsa a ajiye, sannan a toshe shi, a kai ƙararsa ta cikin manhajar. Idan ya sake ɓullowa ta wata hanya ko ya fara barazana, ki kai wa 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yara ta wannan hanya. Ita kuma yarinyar ki kira ta ɗaki ku biyu, ba a gaban ƙannenta ba, ki fara da sa mata albarka a kan hoton da ta ƙi turawa. Ki tabbatar mata cewa ko da wata rana ta yi kuskure, wurinki za ta fara zuwa kuma ba duka za ta tarar ba, saboda masu wannan aika-aika da tsoron iyaye suke riƙe yara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta tabbata, 2003 ta rubuta a matsayin shekarar haihuwa. Jiya bayan sallar isha'i muka zauna, ta yi kuka, ta nuna mini wani saƙon da ban gani ba. Mun ajiye hotunan kamar yadda Mama ta ce, mun toshe shi, ta rufe tsohon asusun da hannunta. Mun haɗa Family Link, wayar za ta riƙa kullewa daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe, kuma a ɗakina za ta riƙa kwana a caji. Na karanta wa mahaifinta amsoshinku ta waya, ya yarda a gwada haka har ƙarshen zangon karatu, in bai gamsu ba a koma shawarar Alhaji na Gangare. Saura ƙaninta mai shekara 11 da yake ɗaukar tawa wayar yana kallon YouTube. Malam na Rikkos, shi ma sai na buɗe masa asusu nasa, ko YouTube Kids ya wadatar?