Dokokin ci da sha na Littafi Mai Tsarki: me suke koya mana game da zaman tsarki?

Ɗalibin Kalma:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. A makon jiya mun karanta Littafin Firistoci sura 11 a nazarinmu na matasa, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. An hana Isra'ilawa cin raƙumi da zomo da alade, da duk kifin da ba shi da ƙege da ɓawo, wato har da tarwaɗar da muke farfesu da ita, amma an halatta musu fara. A gidanmu naman alade bai taɓa shiga tukunya ba, alhali zomo da tarwaɗa ba wanda yake ƙyamarsu. Shin dokokin nan suna kanmu har yau? Idan ba sa kanmu, wane darasi suka bar mana?

Baba Mai Wa'azi:
Ɗana, Allah ya ƙara maka ƙishin Kalmarsa. Ka sauka zuwa aya ta 44 da ta 45 na wannan sura, domin a can ne Ubangiji ya bayyana dalilinsa, inda ya umarce su su zama tsarkaka saboda shi mai tsarki ne. Isra'ilawa suna zaune a tsakiyar al'ummai masu bautar gumaka, shi ya sa Allah ya kai musu tunin nan har cikin akushi, ta yadda duk lokacin da mutum ya miƙa hannu zai ci, sai ya tuna cewa shi keɓaɓɓe ne.

A Markus 7 Yesu ya koyar cewa abin da yake fitowa daga zuciya ne yake ƙazantar da mutum, ba abin da yake shiga cikinsa ba. A Ayyukan Manzanni 10 kuma, Bitrus yana addu'a a kan soro a Yafa ya ga mayafi cike da dabbobi, aka ce masa ya yanka ya ci, har sau uku, kafin ya tafi gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba ne, a Kaisariya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wannan Bitrus ɗin ne ya ɗauko umarnin nan na zama tsarkaka daga Littafin Firistoci ya sa a wasiƙarsa ta fari, 1:15-16, amma ya ɗora shi a kan dukan al'amuran rayuwarmu. Ka ci tarwaɗarka da godiya, sai dai bakin da ya ci ta kada ya yi ƙarya ko tsegumi.

Mama 'Yar Zumunta:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina roƙon kada a bar zancen sha a baya. Na girma ina kallon kawuna yana kai buhun dawa kasuwa, kuɗin su ƙare a gidan burukutu, matarsa kuma tana bin maƙwabta da kwano tana neman gari. Na san Bulus ya shawarci Timoti ya ɗan sha ruwan inabi saboda cikinsa, to amma Afisawa 5:18 ta hana buguwa ƙarara. Banazire ma, wato wanda ya ɗauki wa'adin keɓe kansa ga Ubangiji, bisa ga Littafin Ƙidaya sura 6, ko busasshen inabi ba ya ci muddin wa'adinsa bai cika ba. Ni dai na zaɓi in bar shi gaba ɗaya.

Malamin Lahadi:
Baba, da izininka zan ƙara abu guda. Taron da manzanni da dattawa suka yi a Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 bai ɗora wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba Shari'ar Musa ba, amma ya ce su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Bulus kuma ya ce a 1 Korintiyawa 8:13 zai bar nama har abada idan cinsa zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Ina ganin iyayenka, ɗan'uwa, wataƙila abin da suka duba ke nan game da alade, tunda muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda muke musayar kwanon abinci da su a Sallah da Kirsimeti. Ka tambayi mahaifinka dalilinsa, sa'an nan ka dawo ka gaya mana abin da ya ce.